Ɗinkin da ke Cikin Takalmin Hagu

Mai Ɗinki ba ta yarda da mutumin kirki ba. Mugu ba ya ba ta tsoro, don shi daga nesa ake hango shi a kauce. Wanda take tsoro shi ne mai taimakon 'ya'yan mutane ba a roƙe shi ba. Kada kuma a yi saurin ganin laifinta. Babban ɗanta, wanda ƙaninsa ke kira Yaya, wani mai gareji ne ya janye shi da irin wannan kirkin. Da takalmi aka fara, sabo fil a kwalinsa. Daga nan sai 'yan tafiye-tafiye, kai wannan saƙo can, karɓo wancan nan. Ranar da aka tare motarsu a hanya, tafin wannan takalmin aka farke aka zazzago ƙwayoyi. Mai garejin yana nan yana harkarsa har gobe, Yaya kuwa yana gidan yari a wani gari mai nisa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Ɗa ɗaya ya rage mata a gida, Auta. Mahaifinsu ya rasu tun yaron yana rarrafe, da keken ɗinkinta ta raine su, a ɗaki biyu da 'yar baranda inda ta kafa keken yana fuskantar titi. Auta ya samu shiga ƙaramar kwalejin da ke ƙarshen layinsu, wadda ko sunanta ba a ji a gari na gaba. Ginin azuzuwa biyu ne, da ofis, da ɗan ɗakin kwanan ɗalibai, da filin wasa wanda rabinsa ciyawa rabinsa tsakuwa. Ta yi murna da ƙanƙantar wurin, don daga barandarta tana iya ganin lokacin da ya shiga da lokacin da ya fito. Abin da ba ta sa a lissafi ba shi ne Koci.

Koci wani ramammen mutum ne mai furfura, da usur a wuya da tsohon keke mai ƙara. Shi ke koyar da gudu a kwalejin tun kafin a yi mata katanga. Ba ya tsawa, ba ya dogon surutu, kuma in ka gaishe shi ƙafarka yake kallo maimakon fuskarka. Wannan kaɗai ya isa Mai Ɗinki ta sa masa ayar tambaya. A wajenta, wanda ba ya iya haɗa ido da mutum akwai abin da ya binne.

Auta ya shiga gudu, sai ya fara canzawa. Yaron da sai an yaye masa bargo yake tashi, ya koma yana riga zakara farkawa. Ya ƙara cin abinci, ya rage yawo, har waƙa yake yi a banɗaki. Da wata uwar ce, da sai ta gode Allah ta ci gaba da harkarta. Ita kuwa ta tuna Yaya ma haka ya yi ta walwala a farkon zuwansa gareji.

Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne kwalbar man zafi. Tun Auta yana ƙarami yake kukan ciwon ƙugu da baya. An kai shi asibiti, aka ce girma ne, zai bari. Bai bari ba. Kusan kullum da yamma sai ya kwanta rub da ciki a tabarma ta shafa masa man zafi tana yi masa tsiyar cewa ya tsufa kafin ya yi gemu. Wata rana tana share taga ta ga kwalbar ta yi ƙura, murfin har ya kafe. Ta tsaya ta yi tunani, ta ga rabon da ya ce mata bayansa na ciwo an kwana biyu. Ciwon da ya ƙi jin magani shekara da shekaru, wane irin gudu ne zai kore shi? Ita ta san abu ɗaya da ke kashe ciwo haka farat ɗaya, kuma ta san a ina ake ɓoye shi.

Sannan ga maganar buhu. Duk ƙarshen mako Koci yana karɓe takalman yaran gaba ɗaya, ya zuba a buhu, ya ɗaure a bayan kekensa. Farkon mako ya mayar wa kowa nasa.

"Wannan Kocin naku," ta ce wa Auta wata yamma, tana zare a allura ba ta ɗago ba, "matarsa ba ta hana shi shigo mata da buhun wari gida?"

Auta ya yi dariya. "Ba gida yake kaiwa ba, Umma. Sito yake kaiwa, can bayan fili."

"Ya yi me da su?"

"Dubawa yake yi."

"Takalmi mara lafiya ne da za a duba shi?"

"Ya ce baki yana ƙarya, amma takalmi ba ya yi."

"To shi naka me ya faɗa masa?"

Nan dariyar Auta ta ɗauke. Ya ce yana da karatu, ya shige ɗaki. Ta bi bayansa da kallo, don ta san wannan shigewar. Ta taɓa ganin irinta.

Auta ba ya barin takalmin gudun nan a bakin ƙofa tare da sauran. Saman kwaba yake ɗora shi, a cikin leda. Da ya fita makaranta wata safiya da silifa, ta taka kujera ta sauko da shi. Na dama ba komai, takalmi ne kamar kowane. Na hagu ya fi nauyi kaɗan. Ta zura yatsa ciki, ta ji dunduniyar ta yi tudu. Ta kai shi bakin taga ta leƙa, sai ga ɗinki a kewaye da shimfiɗar ciki, da baƙin zare mai kauri, wani taku dogo wani gajere. Ko makaho ya shafa ya san ba ɗinkin kamfani ba ne. Ɗinkin namiji ne wanda bai iya riƙe allura ba, amma ya dage sai ya rufe abin da ya sa a ciki. Ta mayar da takalmin inda yake, ta ce a ranta biri ya yi kama da mutum.

Ranar ƙarshen mako ta rufe keke da zane, ta tafi filin da kanta. Ta tsaya daga bayan waya inda wata bishiya ta kare ta. Yara goma sha wani abu suna zagaye fili. Ta zaci za ta ga Koci a gaba yana ihu, sai ta gan shi a baya, can bayan na ƙarshe, yana ɗan sassarfa a duƙe, idonsa a kan dugadugansu. Da suka gama suka zauna a ciyawa suka cire takalma. Yana bi ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki takalmi ya kifa shi, ya shafa tafin da babban yatsa, ya zura hannu ciki ya danna. Wani ya yi masa magana a fili, wani kuma ya ja shi gefe su yi ƙus-ƙus. Auta yana cikin waɗanda aka ja gefe. Ta ga ɗanta yana girgiza kai, Koci yana nuna hanyar gidansu da haɓa, Auta yana ƙara girgiza kai.

Ba ta yi niyyar fitowa ba, amma da Koci ya turo kekensa da buhun a baya, ta gabanta hanyar ta bi. Ta gaishe shi a daƙile. Ya amsa, idonsa a kan silifanta.

"Ni ce mahaifiyar Auta," ta ce.

Sai a lokacin ya ɗago, fuskarsa ta saki. "Ke ce ke ɗinka masa wando?"

"Ni ce. Akwai matsala ne?"

"A'a, babu. Hannunki yana da ido, Hajiya."

Ya hau kekensa ya wuce yana ƙiiƙii. Ta tsaya tana jujjuya maganar. Daɗin baki ne, ta yanke. Mai garejin ma ai da yabon ɗinkinta ya fara shigo mata gida.

A makon da ya biyo Auta ya dawo da labari yana haki don murna. An gayyaci kwalejinsu gasar gudu a babban birni, karo na farko, kuma yana cikin waɗanda za su je. Motar makaranta za ta kai su, su kwana can. Yana magana tana kallon bakinsa, amma kunnenta abu uku kawai ya ɗauka: tafiya, mota, takalmi. Ta ce Allah ya ba da sa'a.

Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, ta san wannan sarai, tana ma faɗa wa wasu. Amma ta ce gara ta ɗauki zunubin da ta sake zuwa gidan yari da kwanon abinci. Ta fara da maƙwabciyarta, matar Kafinta, wadda ɗanta ma yana cikin masu gudun. Ta ce mata ba wai ta tabbatar ba ne, amma a sa ido. To, faɗa wa matar Kafinta magana a ce ta riƙe, daidai yake da zuba ruwa a kwando. Kafin rana ta faɗi, an ji a wajen famfo cewa an kama Koci da ƙwaya a hannu.

Washegari ta saka mayafinta mai kyau ta je ofishin Mataimakin shugaban kwalejin. Wani mutum ne mai son zaman lafiya fiye da son gaskiya, yana da fanka a tebur da take juyawa tana kaɗa masa takardu. Ya saurare ta yana share zufa.

"Hajiya, kin ga wani abu da idonki?"

"Na ga ɗinki a inda bai kamata a ga ɗinki ba. Na ga buhu. Na ga sito da kwaɗo. Kuma ni uwa ce da aka taɓa yi wa."

"Mutumin nan ya daɗe tare da mu, ba a taɓa kawo ƙararsa ba."

"Wanda ya janye babban ɗana ma ba a taɓa kawo ƙararsa ba, ranka ya daɗe, har yau."

Mataimaki ya danne takardunsa da hannu. Ashe tun da safe iyaye biyu sun riga ta zuwa da maganar famfo. Ya ce za a bincika bayan gasa, a tsanake. Kafin nan Koci ba zai bi yaran ba, malamin lissafi ne zai raka su. Ta fito tana jin ta sauke rabin kaya. Ɗaya rabin yana saman kwaba, a cikin leda.

Ranar tafiya, motar sai bayan azahar za ta tashi. Auta ya wuni jiya fuska a murtuke, yana cewa wani munafuki ya ɓata wa Koci suna, kuma an cire ɗan Kafinta da wani yaro daga gudun. Bai san munafukin ne ke zuba masa shayi ba. Da hantsi ya fita aski. Tana jin ya ja ƙofa ta taka kujera.

Ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburin yanka, don kada ƙwaya ko ɗaya ta gangara ta ɓace. Ta ɗauki reza sabuwa. Baƙin zaren ya yi taurin kai, an bi shi da gam, sai da ta haɗa da almakashi. Ta ɗaga shimfiɗar ciki ta kifa takalmin ta girgiza. Ba abin da ya zubo. Ta sa bakin almakashi ta ɓanɓaro tudun. Wani yankin roba ya fito, irin na tayar keke, an fere shi ya yi kauri ta baya ya sirance ta gaba. Ƙarƙashinsa soso. Ƙarƙashin soso wata fata mai taushi, da alama daga tsohuwar jaka aka yanko. Ta ce a cikin robar ne. Ta tsaga robar gida biyu, ta tsaga soson, ta shinshina, ta ɗaga fatar a rana. Roba ce da soso da fata. Ta farke har harshen takalmin, ba ta samu komai ba sai warin ƙafar ɗanta.

A haka Auta ya shigo ya same ta, reza a hannu, takalminsa a wargaje a kan farin ƙyalle. Ya tsaya a bakin ƙofa. Bai yi ihu ba, da ya yi ma da ya fi mata sauƙi.

"Ke ce, Umma," ya ce a hankali. "Ke ce kika je ofis."

"Me Koci yake sa maka a ciki? Me ya kashe maka ciwon baya?"

"Abin da kika yayyanka ɗin nan."

"Roba?"

"Ƙafata ta hagu ba ta kai ta dama ba. Da faɗin yatsa ɗaya. Shi ya sa ƙuguna ke ciwo tun ina yaro, a karkace nake tafiya ban sani ba. Ya ɗora mini wannan na daidaita, ciwon ya tafi. Ya tura ni asibiti ma suka auna suka ce haka ne."

Ta ajiye rezar. Ta ce, "Don me ba ka faɗa mini ba?"

"Kullum sai ya ce in faɗa miki. Ni na ƙi. Na san za ki ce in bar gudu, ko ki zauna kina kuka kina cewa laifinki ne. Kuma ba na so a ji a fili a fara ce mini gurgu." Ya dubi takalmin, idonsa ya kawo ruwa. "Ni ba Yaya ba ne, Umma. Tun da aka tafi da shi kike kallona kamar kina jiran ranar tawa."

Ya ɗauki takalmin dama, ya shiga ɗaki ya ɗauko jakarsa. Ya ce zai je ko da takalmin aro ne, in ƙugun ya riƙe shi ya riƙe. In an dawo kuma zai nemi gado a ɗakin kwanan ɗalibai, don ya gaji da zama a gidan da ake shinshina masa kaya. Ya fita bai ja ƙofar da ƙarfi ba.

Mai Ɗinki ta zauna a kujerar keke. Kunya ta rufe ta, tsoro ya biyo baya, don ta ga da hannunta ta yi abin da take gudun mai gareji ya yi mata. Ta jawo guntayen ta fara haɗawa. Ɗinki ba ya gagarar ta, amma ba ta san wanne ke sama wanne ke ƙasa ba, ba ta san kaurin da ake so ba, robar kuma ta riga ta tsage. Mutum ɗaya ne a duniya ya sani. Ta naɗe komai a cikin farin ƙyallen, ta ɗauki basilla da zarenta mai ƙarfi, ta fita. Tafiyar ba ta da nisa, amma ba ta taɓa yin mai nauyinta ba.

Siton yana bayan fili, ƙofarsa a buɗe. Ɗan ɗaki ne mai taga ɗaya, yana warin gam da tsohuwar roba. Takalma jere a kan katako, kowanne an rubuta laƙabin mai shi da alli a ƙasa. Ga tsofaffin tayoyin keke a rataye, ga wuƙa, ga gwangwanin gam. Koci yana zaune a kan benci ba usur a wuyansa, yana juya wani takalmi a hannu. Ta yi sallama. Ya amsa, ya dubi silifanta, ya dubi ƙullin da ke hannunta.

Ta kwance ƙyallen a gabansa. "Ni na yi wannan. Ni ce kuma na je ofis."

Ya daɗe yana kallon guntayen. Tana jira ya zage ta, ta ma shirya karɓa. Sai ya matsa ya ba ta gefen benci.

"Motar ba ta tashi ba tukuna," ya ce. "Miƙo mini waccan tayar."

Ya yanko roba ya fara ferewa, yana gwadawa da faɗin yatsansa. Fata a ƙasa, ya ce, sannan roba, soso a sama don kada ta ci masa dunduniya. Ya shafa gam yana hurawa. Da ya ɗauko allurarsa da baƙin zaren nan, ta kasa haƙuri.

"Kawo nan, Malam. Wannan ɗinkin naka shi ya jawo mana duk wannan."

Ya miƙa mata ba musu. "Na sani. Yaran ma suna cewa kamar kaza ta yi tonon ƙasa."

Ta sa basilla ta fara bi, taku daidai da taku. Tana cikin ɗinkin ta ce, "Ka yafe mini. Ɗana na fari a takalmi aka..."

"Auta ya faɗa mini. Da na yi hankali da tuni na zo gida na gaishe ki, buhun nan a hannuna, kin gani da idonki. Ni mutum ne da na fi iya magana da takalmi." Ya ɗaga wanda ke hannunsa. "Na ɗan Kafinta ne. Kin ga yadda gefen nan ya cinye? Gwiwarsa yake karewa, yana ɓoye mini. Na so in duba shi kafin ta yi nisa. Yanzu ubansa ya ce ko ƙofar fili kada ya sake takawa."

Ta sunkuyar da kai a kan ɗinkin. Magana zarar bunu ce, ita ta zara, kuma ga inda ta faɗa.

"A takalmin ka gane ƙafar Auta?" ta tambaya.

"A'a. Takalmi ya tabbatar mini ne daga baya. A wandonsa na fara gani."

Basillar ta tsaya.

"Ranar da ya fara zuwa ina bayansa, na ga kalmasar ƙafar hagu ta fi ta dama hawa, da yatsa ɗaya. Na ce kuskuren tela ne. Washegari ya sa wani wandon, haka. Na uku ma haka. Kuma duk sun zauna masa cif, ba wanda ke jan ƙasa. Na ce to, wanda ke ɗinka wa yaron nan wando ya riga ni sani. Shi ya sa na tambaye ki ran nan."

Mai Ɗinki ta ajiye takalmin a cinyarta. Ba ta taɓa auna Auta da tef ba. Ɗanta ne, tsayar da shi take yi a gabanta, ta durƙusa da allurai a baki, ta kalmashe kowace ƙafa inda ta ga ta zauna. Shekara goma sha tara hannunta yana rage yatsa ɗaya a hagu, da yamma kuma wannan hannun ya shafa man zafi, ita tana tsiyar tsufa. Hawaye ya ɗigo a kan takalmin, ta share da gefen mayafi ta ci gaba, don ba lokacin kuka.

Ta ƙulle zaren ta datse da haƙori. Koci ya karɓa ya zura babban yatsa ya danna, ya gyaɗa kai. Ta ce ya taso su je ofis yanzu, za ta faɗa wa Mataimaki komai, ta faɗa a famfo ma. Ya ce ta je ta faɗa, zai ji daɗi, amma Mataimaki ba ya warware magana a rana ɗaya, kuma motar ba za ta jira ba.

"Ki kai wa Auta. Ki ce kada ya bi na gaba a zagayen farko, ya bari su gaji. Ya san sauran."

Motar tana bakin ƙofar kwaleji, injin a kunne, malamin lissafi yana ƙirga kawuna yana sake ƙirgawa. Auta yana tsaye a gefe da jakarsa, takalmin dama a rataye a wuyansa shi kaɗai. Ya gan ta ya kau da kai. Ta zo ta miƙa masa na hagun.

Ya karɓa ya kifa shi, ya zura yatsa ya danna dunduniyar, daidai yadda Koci ke yi. Ya leƙa ciki ya ga ɗinkin, ya san hannun. Ya zauna a kan jakarsa ya saka duka biyun, ya miƙe ya taka, ya sake takawa.

"Koci ya ce kada ka bi na gaba a zagayen farko," ta ce.

"Wajensa kika je?"

"Wajensa na je."

Auta ya waiwaya. Can bayan waya, kusa da bishiyar da ta taɓa ɓuya, Koci yana tsaye riƙe da kekensa. Bai ɗaga hannu ba. Ƙafafun yaran yake kallo suna hawa mota ɗaya bayan ɗaya.

Ita ma, karo na farko, ta sauke idonta daga fuskar ɗanta zuwa ƙasa. Da tudun a cikin takalmi ƙugunsa ya daidaita, sai ga ƙafar wandon hagu ta ɗage sama da ta dama, da yatsa ɗaya, kowa na iya gani.

"Wandon nan yana son a sake masa kalmasa," ta ce. "Duk wandunanka ma. Sai ka tsaya a gabana da takalmin zan iya."

Direba ya danna hon. Auta ya ɗauki jakarsa, ya sa ƙafa ɗaya a matakala, ya tsaya bai juyo ba.

"Ki fara da baƙin, Umma," ya ce. "Yana kan igiya. In na dawo sai in tsaya."

Motar ta tashi. Ta tsaya har ta sha kwana, sannan ta juya. Koci ya riga ya tura kekensa ya nufi sito shi kaɗai. Ta gyara mayafinta ta bi bayansa, don ta karɓo takalmin ɗan Kafinta. Daga can gidan Kafinta za ta fara, kafin ofis, kafin famfo, kuma ta san matar gidan ba za ta ba ta kujera ba.